Ƙarin Ilimi ga Alƙalan Ƙananan Kotuna: Nazari Daga Yankin Sanyinna, Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Maƙalar nan ta duba matsayin ƙaro ilimi ga alƙali bayan an naɗa shi, ta fuskar kotunan da mutanen Sanyinna da maƙwabtansu na Tambuwal da Kebbe suke kai ƙara. An dogara ga Kundin Tsarin Mulki na 1999, da dokokin Jihar Sakkwato, da tarihin horar da alƙalai a Arewa, da wani hukunci na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Nazarin ya nuna cewa tsarin horon da ake da shi ya fi ƙarfi a manyan kotuna, ya kuma yi rauni wajen alƙalin da talaka yake fara tsayawa gabansa.

Gabatarwa

Sanyinna gari ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato. Kamar sauran garuruwan yankin, yawancin abin da ke kai mutanensa kotu bai wuce aure da saki da ciyarwa da riƙon yara ba, sai rabon gado, da iyakar gona, da jingina, da bashi, da ɓarnar dabbobi. Kusan duk waɗannan a ƙaramar kotun shari'a ko babbarta suke ƙarewa. Ɗaukaka ƙara zuwa birnin Sakkwato na bukatar kuɗin mota da na lauya da barin gona, ga kuma nauyin a ce mutum ya ƙi hukuncin alƙali. Saboda haka hukuncin farko, ga mafi yawan mutane, shi ne na ƙarshe. Tambayar da maƙalar ta ɗora kanta a kai ita ce: wa doka ta ɗora wa alhakin sabunta ilimin wannan alƙali, kuma da wane ƙarfi?

Abin da aka gada

Neman ilimi bayan hawa kujera ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Wajen shekarar 1806 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam domin masu riƙe da mulki da shari'a, ba domin almajirai masu farawa ba. Gwandu, inda ya zauna daga baya, ba ta da nisa da Tambuwal. A tsohon tsari alƙali yana zama da muhuti a gefensa, yana bitar Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, idan mas'ala ta shige masa duhu ya aika wa wanda ya fi shi. Wasiƙar Sayyadina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda malaman fiƙihu suka mai da ita ginshiƙin babin alƙalanci, ta hori alƙali da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Wanda ya daina karatu kuwa ba shi da hanyar da gaskiyar za ta bayyana masa.

Horo na makaranta ya zo a 1934, lokacin da aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Cikin waɗanda ta yaye akwai Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙalin Gummi da ke maƙwabtaka da Kebbe, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Amma darasin da ya fi shafar batunmu shi ne na 1958 zuwa 1960. Gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsu ce ta haifar da kundin dokokin hukunta laifuka na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. Gwamnati ta san cewa alƙalan da suka tashi a kan Muhtasar ba za su wayi gari suna aiki da sassan doka masu lamba ba. Sai aka fassara dokokin zuwa Hausa, aka riƙa kiran alƙalai da ma'aikatan kotu kwas a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya, aka kuma tanadi cewa a farko dokar tsarin shari'a za ta zame musu jagora kawai, ba za a rushe hukunci don ƙaramin kuskuren tsari ba. Ko mutum ya yarda da kundin ko bai yarda ba, dole ya yaba wannan tanadi: an canza doka, an kuma ɗauki nauyin koyar da wanda zai yi aiki da ita, da harshen da yake ji.

Inda doka ta tsaya a yau

An kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da doka mai lamba 28 ta 1991. Tana Abuja, a ginin da aka sa wa sunan Mai Shari'a Muhammad Bello, kuma Babban Jojin Nijeriya ne shugaban hukumar gudanarwarta. Tana shirya kwas ga sababbin alƙalai, da na sabunta ilimi, da babban taron alƙalai, har da tarukan bita na alƙalan ƙananan kotuna.

Matsalar tana cikin rabon iko. Sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulki, da ya zo fayyace masu riƙe da muƙamin shari'a, ya lissafa alƙalan manyan kotuna da Alƙalin Alƙalai da alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bai sa majistare da alƙalin ƙaramar kotu ba. Na farkon suna ƙarƙashin Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke auna aikinsu tana kuma ladabtar da su. Na biyun, naɗinsu da ƙarin girmansu da korarsu suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. Ko sashe na 276, da ya shardanta wa alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a shekara 10 da samun shaidar ilimin shari'ar Musulunci, magana yake kan ranar naɗi, bai ce komai ba kan shekarun da za su biyo baya. Sakamakon haka, zuwan alƙalin karkara kwas a Abuja ya rataya ne kan a zaɓe shi da kuma a samu kuɗin tafiya. Idan ya je ma, akasarin laccocin da Turanci ake yi, alhali shi karatunsa na Larabci ne, zaman kotunsa kuma da Hausa.

Abin lura, lauyan da ke tsayawa gaban wannan alƙali tun 2007 dokar sana'arsa ta wajabta masa ci gaba da ƙaro ilimi. A Faransa kuwa, kwana 5 na horo a kowace shekara wajibi ne kan kowane alƙali. Ƙa'idojin Bangalore na 2002 ma sun sa kiyaye ilimi da ƙara shi cikin ɗabi'un da ake bukata ga alƙali.

Abin da rashin shiri ya jawo

Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999, Sakkwato ta mai da kotunan yankinta kotunan shari'a a 2000, ta kuma fitar da kundin hukunta laifuka na shari'a a farkon 2001. Alƙalan da suka shekara suna raba gado da sauraron ƙarar aure sai ga shi an miƙa musu ikon haddi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata su.

A watan Oktoban 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa kan zargin zina. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilanta akwai cewa abin da ake tuhuma ya faru ne kafin dokar ta fara aiki, kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya hana hukunta mutum da dokar da ta zo bayan aikinsa. Akwai kuma rashin fayyace wa wadda ake tuhuma ma'anar laifin, da halaccin janye iƙirari, da ra'ayin Malikiyya cewa cikin bazawara ana iya jingina shi ga tsohon mijinta har tsawon shekaru. Ya kamata a lura da kyau: dalili ɗaya ne kawai daga dokar zamani, sauran duk suna cikin littattafan da alƙalai suka karanta tun suna ɗalibai. Wannan ya rushe zaton cewa ƙarin ilimi yana nufin cusa wa alƙali boko. Bitar fiƙihun da ya sani, musamman babin shaida da iƙirari da i'izari (wato ba wanda hukunci zai hau kansa damar ƙarshe ta kawo hujja), ita ce rabin aikin.

Ɗaya rabin kuma dokoki ne da suke ta sauyawa. A zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda lauya ne kuma ɗan wannan yanki, jihar ta samu sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019, sannan a 2021 dokar kare yara da ta hana cin zarafin mutane. Kowaccensu ta taɓa abin da ke zuwa gaban ƙananan kotuna: beli, tsare wanda ake tuhuma, shari'ar ƙaramin yaro, duka a gidan aure.

Rayuwar masu ƙara ma ta sauya. A ɗauki misalin mace a Sanyinna da mijinta ya tafi ci-rani Legas, ya aiko mata da saki ta saƙon murya a WhatsApp. Ta yi idda, manema sun fito, sai ya dawo ya ce ba muryarsa ba ce. Ta miƙa wa alƙali waya, rajistara ya kunna, kotu ta yi tsit tana sauraro. Shin muryar nan iƙirari ce, ko a yi mata ƙiyasi da rubutun hannu da ake neman shaidu biyu su gane shi, ko kuwa alama ce kawai da za ta sa a ɗora wa mijin rantsuwa? Yaya za a tabbatar ba a haɗa muryar ba? Fiƙihu yana da ƙa'idojin da za a gina amsa a kansu, amma bai dace kowane alƙali ya gina tasa shi kaɗai ba, har hukuncin Tambuwal ya saɓa wa na Kebbe a kan mas'ala ɗaya. Haka batun yake a gadon kuɗin da ke asusun banki, da bashin da shaidarsa kawai saƙon tura kuɗi ne.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya bukatar taɓa Kundin Tsarin Mulki. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Sakkwato tana da ikon sa ƙa'ida cewa kowane alƙali zai halarci horo na wasu kwanaki a shekara, kuma ba za a duba ƙarin girmansa ba sai da shaidar halarta. Malaman suna nan gida: Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Kwalejin Shari'a da Nazarin Musulunci ta jihar, da tsofaffin alƙalan da suka yi ritaya da iliminsu. A yi zaman a shiyya, alƙalan Tambuwal da Kebbe da Yabo da Shagari su haɗu wuri guda, da Hausa da Larabci, tare da fassarar sababbin dokoki a hannun kowa.

Manhajar kuwa, a ganina, bai kamata a ƙirƙiro ta a ofis ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da sufetocin kotuna sun fi kowa sanin inda ake tuntuɓe, domin a gabansu ake rushe hukunce-hukunce. Idan ofishin Alƙalin Alƙalai ya tattara dalilan rushewar na kowace shekara, ba tare da ambaton sunan alƙali ba, ya ware nawa ne na rashin i'izari, nawa ne na wuce hurumi, nawa ne na kuskuren lissafin gado, to darasin shekara mai zuwa ya samu. A kuma sa rajistara cikin horon, domin kotun sama ba ta ga zaman shari'ar ba, abin da ya rubuta a littafin kotu kaɗai take karantawa.