Daga Ƙofar Mata Zuwa Zariya: Tarihin Ilmin Nukiliya da Amanarsa a Arewa

Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya faɗaɗa ganuwa har ta kai Ƙofar Mata. Marinar da ke bakin ƙofar kuwa, masu ita suna cewa tun 1498 aka haƙa ta. A zamanin nan ne kuma Shehu Magili ya sauka Kano daga ƙasar Tuwat, can cikin Sahara, ya karantar, ya rubuta wa Sarki littafi a kan tafiyar da mulki. Watau tun wancan lokaci hanyar Sahara kaya biyu take ɗauka: baƙin yadi ya tafi arewa, malamai da littattafai su taho kudu. Abin lura shi ne, malaman nan ba sa sakin ilmi ga kowa. Sai almajiri ya zauna gaban malami, an gwada shi, an yarda da halinsa, sa'an nan a ba shi ijaza. Haka kuma marini ba ya barin yaro shi kaɗai da karofi sai ya san gwargwadon baba da toka da katsi.

To, a ƙarshen ƙasar Tuwat ɗin nan ta wajen kudu akwai wani gari, Reggan. Kusa da shi ne Faransa ta fasa bom ɗinta na nukiliya na farko, ran 13 ga Fabrairu 1960, ana cikin hunturu. Kowa ya sani iskar hunturu daga Sahara take tasowa, saboda haka hankalin mutane ya tashi ƙwarai, don tsoron kada ƙurar ta kawo guba bisa gonaki da rijiyoyi. Da Faransa ta yi gwaji na uku a watan Disamba 1960, sai gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanta a watan Janairu 1961, ta kuma hana jiragenta sauka Nijeriya.

Amma fushi ba ya auna guba. Wanda zai ce ƙura tana da lahani, ko ba ta da shi, lalle ne ya kasance yana da na'ura, da mutumin da ya iya karanta ta. Don haka a 1964 aka kafa ma'aikatar kiyaye mutane daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. A wannan shekara kuma Nijeriya ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1957, mai mazauni a birnin Biyana. A 1968 ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Ma'anar yarjejeniyar a taƙaice ita ce: ƙasa ta yi alkawarin ba za ta ƙera bom ba, ta yarda a riƙa zuwa ana duba kayanta, su kuma ƙasashen da suka riga ta su taimake ta da ilmi da kayan aiki.

A 1976 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Bayan haka aka ɗora wa jami'o'i biyu nauyin horad da ma'aikata, watau Jami'ar Ife da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kowace da cibiyarta ta binciken makamashi. Aka riƙa aika samari ƙasashen waje su yi karatu mai zurfi, su komo su koyar. Aikin ya yi jinkiri, gama ita kanta Hukumar ba ta kama aiki sosai ba sai 2006. Duk da haka ran 3 ga Fabrairu 2004 aka kunna murhun nukiliya na farko a Nijeriya, a cibiyar Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ne, an samo shi ta hannun Hukumar ta Duniya. Ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne kurum, ba ya ba gari wutar lantarki. Amfaninsa shi ne koyad da ɗalibai, da gano abin da ke cikin ƙasa ko dutse ko ruwa ko abinci, kome ƙanƙantarsa.

Sai dai murhun ya zo da wata matsala. Makamashinsa yuraniyum ne, kimanin kilo 1, wanda aka tace har kashi 90 cikin 100, irin tacewar da ake yi wa na bom. Ko da yake bai isa a ƙera bom da shi ba, ajiyar irin wannan kaya a harabar makaranta nauyi ne babba, balle a shekarun da Arewa take fama da masu tayad da ƙayar baya. Sai aka haɗa hannu: malaman Zariya, da masanan ɗakin bincike na Argon a Amurka, da na ƙasar Sin, da Hukumar ta Duniya, suka yi shekaru suna lissafin yadda za a musanya shi. Ghana, wadda take da murhu irin wannan, ta gama nata a 2017, kuma a wurin horon da aka gina can ne ma'aikatan Zariya suka gwada hannunsu. A 2018 aka sa sabon makamashi mai tacewar kashi 13 cikin 100, aka ɗauki tsohon a jirgin sama aka mayar ƙasar Sin a watan Disamba.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da harshe. Ilmin da ake koyarwa a wannan fage rassa uku ne, amma mu da Hausa mukan tattara su duka mu ce tsaro. Na fari shi ne kiyaye haɗari, don kada tururin ya cuci ma'aikaci ko maƙwabci. Na biyu shi ne gadi, don kada ɓarawo ko maƙiyi ya kai hannu ga kayan. Na uku shi ne lissafin amana, watau a rubuta nauyin kowane ɗan guntun yuraniyum a littafi, a liƙa hatimi, masu bincike na duniya su zo su gwada littafi da abin da ke ajiye. Na fari aikin injiniya ne, na biyu ya haɗa da soja da ɗan sanda da ma'aikacin kwastan, na uku kuwa ya shafi mutuncin ƙasa ɗungum. Saboda reshe na biyu ne Hukumar ta Duniya ta kafa ƙungiyar jami'o'i a 2010, don su riƙa musayar manhaja da malamai.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, ba a taɓa ba da wannan ilmi ba tare da sharaɗi ba, kamar yadda malaman dā ba sa ba da ijaza sai ga wanda suka amince da shi. Wannan ba ƙasƙanci ba ne. Ƙasƙanci shi ne a ce in baƙo ya tafi, aiki ya tsaya. Da yawa daga cikin rijiyoyin marinar Ƙofar Mata yau sun bushe, ba don baba ya ƙare ba, sai don kasuwa ta juya, magada sun yi ƙaranci. Murhun Zariya ma haka zai zama in waɗanda aka horar suka tsufa, ko suka yi ƙaura, ba su bar almajirai ba.

Har wa yau, mai gadin ƙofa da direban mota da ma'aikacin kan iyaka, yawancinsu a Arewa da Hausa suke tunani, kuma ta hannunsu kaya masu haɗari suke wucewa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyum a Arlit cikin Nijar, inda Hausa take harshen kasuwa. Saboda haka sashen Hausa yana da nasa rabo a wannan haɗin gwiwa: ya zauna da masana kimiyya, a tsayad da kalmomi uku daban-daban ga rassan nan uku, a rubuta su cikin littafin da mai gadi zai iya karantawa. Allah ya sa a dace.