Modam na layin talho: mene ne shi, ina ake samun shi, me za a duba kafin a saya



Kalmar modam a yau abu biyu take nufi, kuma wajen rarrabe su ne mutane ke asarar kuɗi. In ka shiga kanti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ka ce modam kake so, wanda ake sa wa katin sim za a miƙo maka, ko ɗan ƙaramin nan mai kama da makulli, ko akwatin wifi. Amma akwai na da, wanda ake jona wa igiyar talho na gida, ya buga lamba, ya yi ta ƙara kafin ya haɗu. A kan kwalinsa za ka ga an rubuta 56K, ko V.90, ko V.92, na ƙasar Faransa kuma modem RTC. Shi ne ya ɓace daga kantuna, kuma bayaninsa ne muka kawo muku, don mai buƙatarsa ya san inda zai dosa, wanda ba ya buƙata kuma ya riƙe kuɗinsa.

Yadda yake aiki

Kwamfuta, wadda wasunmu ke ce wa ordinatar, da alƙaluma biyu take magana, 0 da 1, kowane guda ana kiran shi bit. Layin talho kuwa don muryar ɗan Adam aka yi shi. Aikin modam shi ne ya mai da waɗannan alƙaluma sauti, ya tura su cikin layi, wani modam da ke can ɗaya gefen ya sake mai da sautin alƙaluma. Wannan ƙarar da ake ji da farko, kamar gyare da ƙudan zuma sun haɗu, gaisuwa ce tsakanin modam biyu: suna auna kyan layin, suna shirya irin gudun da za su iya yi tare. Tun da kira ne kamar kowane kira, muddin kana bisa intanet talhonka a toshe yake, wanda ya kira ba ya samun ka, kuma a ƙasashe da yawa da minti ake lissafa kuɗin.

Kamfanin talho na Amurka, AT&T, ya fitar da Bell 103 a 1962, yana tafiya bit 300 a daƙiƙa. A 1981 kamfanin Hayes ya fitar da Smartmodem, wanda kwamfuta ke iya ba umurni da rubutu ya buga lamba da kansa, kuma waɗannan kalmomin umurni masu farawa da AT su ne kusan duk sauran kamfanoni suka bi. Gudu ya kai bit 28,800 a 1994, sannan 33,600 a 1996. A 1998 hukumar sadarwa ta duniya da ke Janiba ta tsai da ƙa'idar V.90 mai bit 56,000, V.92 ta biyo a 2000. Nan gudun ya tsaya, don iyakar abin da layin murya zai iya ɗauka ke nan.

Mu auna shi da abin da muka sani. Bit 56,000 a daƙiƙa na nufin mega guda zai ci wajen minti 2 da rabi. Hoto guda mai mega 3 da ɗanka ya ɗauka da salula ya aiko, sai ka jira wajen minti 7, in layin na da kyau ƙwarai. Kiran bidiyo kuwa kar ma a fara.

Me ya sa ya ɓace

A nan Nijar, a ƙarshen shekarun 1990, ta wannan hanya ofisoshi da sibar na farko suka shiga intanet, bisa layin Sonitel, lokacin da adireshin imel ke ƙarewa da intnet.ne. Sai dai layin gida bai taɓa isa yawancin ƙauyukanmu ba. Da salula ta shigo a farkon shekarun 2000, ita ta kai talho inda igiya ba ta kai ba, daga baya ta kai intanet. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecoms. Mai kanti kuwa ba ya ajiye abin da ba a tambaya.

Ƙasashen da ake ƙera shi ma haka abin yake. Kamfanin BT na Ingila ya rufe wannan hidima a 2013. A Faransa, Orange ya daina ba da sabon layin talho irin na da tun Nuwamba 2018, kuma yana shirin kashe layukan tagulla gaba ɗaya zuwa 2030. A Amurka, AOL, wanda miliyoyin mutane suka fara shiga intanet ta hannunsa, ya rufe nasa ranar 30 ga Satumba 2025.

Wa ke neman shi har yanzu

Mutum uku ne galibi. Na farko mai aika fakis ko karɓa ta kwamfuta, don kusan duk modam 56K na iya wannan aiki, kuma akwai ofisoshin da har yanzu fakis suke amincewa da shi. Na biyu mai wata tsohuwar na'ura da aka ƙera don ta kira wata ta layin talho, kamar na'urar gwaji ta asibiti, ta ƙararrawar tsaro, ko ta biyan kuɗi da kati. In modam ɗinta ya ƙone, na'ura mai tsada ta zama kayan ado saboda ɗan abu ƙarami. Na uku mai koyarwa ko mai gyara da ke son nuna wa ɗalibai yadda abin ya faro.

Abu uku kafin a fitar da kuɗi

Modam guga ne. Guga kuwa sai da igiya, sai kuma da rijiya mai ruwa.

Igiyar ita ce layin talho na gida mai rai, irin lambobin nan masu farawa da 20. Ka jona talho na tebur, ka ɗaga, ka saurara. In ba ka ji wannan doguwar ƙarar ba, layin ya mutu, modam ba zai tashe shi ba. In kana jin ƙaiƙayi da tsatsa a cikin layin, gudun zai faɗi ƙasa sosai. A lura kuma: talho na tebur mai katin sim da eriya salula ce cikin babbar riga, wannan modam ba ya aiki da shi. Layin da ke fitowa daga akwatin intanet shi ma sau da yawa yana yanke haɗin.

Rijiyar ita ce lambar da za a kira. Modam ba ya ba da intanet da kansa, sai akwai kamfanin da ya ajiye nasa modam yana jiran kira, ya ba ka lamba da suna da kalmar sirri. Saboda haka, in intanet kake nufi, ka fara zuwa ofishin kamfanin talho ka tambaya ko suna da wannan hidima a garinku. In sun ce babu, magana ta ƙare. Buga lambar wata ƙasa kuwa, kuɗin kiran zai fi ƙarfin aljihu. In kuma na'urori biyu ne naka za su kira juna kai tsaye, ba ka buƙatar kamfanin intanet, amma gudun ba zai wuce 33,600 ba.

Na uku, bakin da za a jona a jikin kwamfutar, kuma shi ke nuna irin wanda za ka nema.

Iri-irensa

Akwai na USB, tsawon ɗan yatsa ko ya ɗara kaɗan, gefe guda USB, gefe guda ramin igiyar talho. Shi ya fi dacewa da kwamfutar zamani, ba ya son caja, kuma har yanzu ana ƙera sababbi. Akwai na akwati mai fitilu a gaba, wanda ake jonawa da tsohon baki mai haƙora 9, yana da tasa caja. Shi ya fi ƙarko, kuma shi tsofaffin na'urori suka fi so. Sunayen da aka sani su ne USRobotics, Zoom, Hayes, da Olitec na Faransa. Akwai na ciki, faifai ne da ake sakawa a cikin kwamfutar tebur. Da yawa daga cikin na ciki ba sa motsi sai da ɗan shirin da ake sa wa kwamfuta don ta gane su, wanda masu gyara ke ce wa direba ko pilot, kuma na zamanin Windows 98 ko XP sau da yawa ba su da direban Windows 10 ko 11. Kada ka saye shi sai ka tabbatar.

Sai kuma wanda mutane ke mantawa da shi: tsofaffin kwamfutocin hannu na kafin 2010 da yawa da modam a cikinsu suka zo, kamar Dell Latitude D620 da D630, ko ThinkPad T60. Ka duba gefenta ko bayanta. In ka ga ramuka biyu masu kama da juna, babban na igiyar intanet ne, ƙaramin na talho ne. Mai yiwuwa abin da kake nema yana cikin ɗakinka ƙura ta rufe shi.

Inda za a nema

A fara da masu gyaran kwamfuta, kafin masu sayar da sababbi. Su ke kwance tsofaffin na'urori, su ke da kwali cike da faifai da igiyoyi a ƙarƙashin tebur. Ka tafi da hoton abin, ko ka rubuta 56K a takarda, don kada a ba ka na sim. Sai waɗanda suka taɓa riƙe sibar ko gidan buga talho, da ma'ajiyar tsofaffin ofisoshi da makarantu, inda ake tara kayan da aka daina aiki da su. A Yamai, kasuwar Katako ita ce matattarar tsofaffin kaya. Masu zuwa Najeriya ta Jibiya ko ta Magarya za su iya tambaya a titin Beirut a Kano, ko Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba a Legas, inda kayan lantarki na hannu ke sauka.

In gida ta gagara, sai intanet. A Amazon, eBay, AliExpress, ko Leboncoin ga mazauna Faransa, a rubuta USB 56K fax modem, ko modem RTC 56K.

Gwaji kafin biya

Ba a cinikin biri a sama. Ka ce mai gyara ya jona shi a gabanka. In Windows ɗin na Faransanci ne, a buɗe Gestionnaire de périphériques, a shiga Modems, a zaɓi Propriétés, sannan Diagnostics, a latsa Interroger le modem. In na Ingilishi ne, Device Manager da Query Modem. Mai rai zai amsa da jerin rubutu, matacce zai yi shiru. Amma wannan rabin gwaji ne, don sau da yawa gefen layin ne ke ƙonewa alhali gefen kwamfuta na amsawa. Cikon gwajin shi ne a jona shi a layi mai rai, a sa shi ya buga lambar salularka. In ta yi ƙara, ka biya.

Abin da ya fi kashe modam shi ne tsawa. Da damina, wutar tsawa na bin igiyar talho ta shigo. In hadari ya taso, a cire igiyar talho daga jikinsa, kashe kwamfuta kaɗai bai isa ba.

Ga ƴan uwa na ƙetare

In an kira ku daga gida an ce a aiko da modam, ku fara tambaya: na sim ko na layin gida? Ku sa a ɗauko hoton na'urar da bakin da za a jona, a turo ta WhatsApp. In daga Amurka ko Kanada za ku saya, ku duba cajar. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 220, cajar da ba a rubuta mata 100 zuwa 240 ba tana ƙonewa da zarar an jona ta. Wasu na akwati kuma cajarsu wutar AC take fitarwa, ba kowace cajar kasuwa ke maye ta ba, don haka kada a aiko shi babu tasa. Na Faransa sau da yawa igiyarsa na da babban kai mai siffar T, a duba ko ya dace da bangon gida, in bai dace ba a haɗo da igiya mai ƙananan kawuna biyu. Na USB ya kuɓutar da ku daga matsalar caja gaba ɗaya.

In intanet kawai ake so

Ga mai son aika saƙo, kiran ƴan uwa, ko sauraron labarai, wannan modam ba nasa ba ne. Ko a inda rezo ke da rauni, salula ko modam mai sim na Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms ya fi shi sauƙin samu, kuma in akwai 3G ko 4G gudunsu ya ninka nasa sau da yawa. Kuɗin da za a kashe wajen neman tsohon, gara a sa su a forfe, ko a ɗan faifan hasken rana na cajin salula.

Mai fakis da mai tsohuwar na'ura kuwa, ku tabbatar da layi, ku tabbatar da lambar da za a kira, ku duba bakin kwamfuta, sannan ku nufi wajen mai gyara. In kun dace da mai kyau kuma akwai hali, ku sayi biyu ku ajiye ɗaya, don na hannu raguwa suke yi kowace shekara.

Allah ya ba da sa'a, ya bar zumunci.