Masu zane da masu sassaƙa na Birtaniya da ayyukansu kan Sudan: daga raƙumin Gordon zuwa bishiyar gawo

A jerin fitattun masu zane da sassaƙa na Birtaniya, akwai sunaye huɗu da ba sa ɓacewa. J.M.W. Turner (1775–1851) ya yi suna da zanen teku da hasken rana, musamman zanen tsohon jirgin yaƙi Temeraire ana jan sa zuwa inda za a wargaza shi, wanda aka baje a 1839. John Constable (1776–1837) ya duƙufa kan karkarar Ingila, kuma an fi saninsa da The Hay Wain na 1821, wata amalanke a tsakiyar rafi. Duka zanukan biyu suna National Gallery da ke Landan. A ɓangaren sassaƙa akwai Henry Moore (1898–1986), wanda aikinsa na dutse yake harabar hedikwatar UNESCO a Paris tun 1958, da Barbara Hepworth (1903–1975), wadda ta ƙera dogon aikin tagullar da ke gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Akwai kuma wani rukunin da sunayensu ba su kai waɗannan amo ba, amma ayyukansu sun fi kusa da tarihin Hausawa. Su ne waɗanda suka zana ko suka ƙera surar yaƙin Turawa da Sudan a ƙarshen ƙarni na 19. Biyu daga cikin ayyukan nan sun yi shekaru da dama a tsaye a Khartum, a daidai lokacin da ƙauyukan Hausawa da Fulani ke kafuwa a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu.

Yadda lamarin ya shafi Hausawa

Tun kafin zuwan Turawa, alhazai daga ƙasar Hausa da Borno suna ratsa Wadai da Darfur da Kordofan zuwa gaɓar Bahar Maliya, wasu kuma guzuri ya ƙare musu a hanya su zauna. Babbar ƙaurar ta zo ne bayan yaƙin Burmi na 27 ga Yuli 1903, inda sojojin Birtaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan ayarin zuwa gabas, har suka yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau yake ɗauke da sunansa, Mai Wurno.

Abin tausayin shi ne sun gudu ne daga Bature suka tarar da Bature. Shekara biyar kafin Burmi, a ranar 2 ga Satumba 1898, rundunar Janar Kitchener ta karya daular Mahadi a Karari, kusa da Omdurman. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira domin masaƙun Ingila, mutanen yammacin Afirka, waɗanda ƴan Sudan ke kira Fallata, suna cikin waɗanda suka fi zuba gumi a gonakin.

George William Joy da mutuwar Gordon

Ansaru, mabiya Mahadi Muhammad Ahmad, sun kashe Janar Charles Gordon a fadar Khartum ranar 26 ga Janairu 1885, bayan sun yi wa birnin ƙawanya kusan wata goma. Shekara takwas bayan haka, a 1893, George William Joy (1844–1925), haifaffen Dublin da ya yi aikinsa a Landan, ya fitar da zanen da ake kira General Gordon's Last Stand. Yana gidan baje zane na birnin Leeds.

A zanen, Gordon yana tsaye a saman matakala, sanye da kakin soja da jar dara, bindigarsa a hannu amma bai ɗaga ta ba. A ƙasa ga Ansaru cikin jibba mai faci-faci, wasu sun yi turus kamar kwarjini ya kama su, ɗaya ya saita mashi. Mai zanen ya ɗora Bature a sama, ya jera mutanen ƙasar a ƙarƙashinsa, yawancinsu sun ba mai kallo baya. Wannan tsari shi ne saƙon gaba ɗaya.

Ruwayoyin yadda Gordon ya mutu sun saɓa wa juna. Wasu sun ce bai yi turjiya ba, wasu sun ce ya yi ta harbi har ya faɗi. Joy ya zaɓi ruwayar da ta fi daɗi ga kunnen mutanen Ingila, kuma da aka yi ta buga zanen a littattafai, sai ya zama kamar hoton da aka ɗauka a wurin. Har fim ɗin Khartoum na 1966, wanda Charlton Heston ya fito a matsayin Gordon, ya kwaikwayi wannan tsayuwa ta kan matakala.

Zanen yaƙin Karari ma haka yake. Richard Caton Woodville (1856–1927) ya zana sukuwar mahaya dawakin runduna ta 21, wadda matashi Winston Churchill yake cikinta. Doki da mashi sun fi kyau a zane, amma ba su suka ci yaƙin ba. Bindigogi masu sarrafa kansu da igwa da jiragen yaƙi na kan kogi su suka kashe Ansaru kimanin 10,000 ko fiye a safiya ɗaya, alhali ɓangaren Kitchener bai rasa mutum 50 ba. Burmi kuwa, duk da cewa a can ma wani sarki ya faɗi da tuta a gefensa, ba ta samu irin wannan shahara a zaurukan zane na Ingila ba.

Raƙumin Onslow Ford da dokin Sydney March

An yi wa Gordon mutum-mutumi fiye da ɗaya. Na Hamo Thornycroft (1850–1925), wanda ke nuna shi a tsaye da Baibul a hannu da sanda a hammata, an kafa shi a dandalin Trafalgar a 1888, yanzu kuma yana bakin kogin Thames. Amma wanda ya taka ƙasar Sudan shi ne na Edward Onslow Ford (1852–1901), mai sassaƙan da aka fi sani da abin tunawa da mawaƙi Shelley a Oxford.

Ford ya ɗora Gordon a kan raƙumi mai cikakken ado, da sirdi da tuntaye suna lilo. Rundunar injiniyoyin soja ce ta sa aka yi, aka buɗe shi a barikinsu na Chatham a 1890. Daga baya aka zuba na biyu da tagulla, ya ɗan tsaya a Landan a 1902, sannan aka ɗauke shi zuwa Khartum. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, domin jirgin da ya ɗauko shi ya nutse tun a kogin Thames, sai da aka tsamo shi. A ƙarshe ya samu mazauni kusa da fadar gwamna, wato kusa da inda aka kashe mai shi. In za a faɗi gaskiya, raƙumin ya fi mahayin rai, kuma ko a Agadas za a yaba wa wanda ya ƙera wuyan nan da leɓen nan.

Na biyun shi ne Kitchener a kan doki, aikin Sydney March (1876–1968). Asalinsa an yi shi ne domin birnin Kalkata na Indiya, aka kafa kwafinsa a Khartum a farkon shekarun 1920. Shi dai Kitchener shi ne ya sa aka rusa ƙubbar Mahadi a Omdurman bayan nasararsa, kuma ba a sake gina ta ba sai a 1947. Ke nan shekaru da dama mai rusawa yana tsaye da tagulla a wannan gaɓa ta kogi, abin da ya rusa yana kwance a waccan.

Sudan ta samu ƴancin kai ranar 1 ga Janairu 1956. A ƙarshen 1958, jim kaɗan bayan Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki, aka sauke mutum-mutumin biyu aka mayar wa Birtaniya kayanta. Ba a farfasa su ba. Gordon da raƙuminsa suna harabar makarantar Gordon's School a yankin Surrey, Kitchener da dokinsa suna Chatham.

Ibrahim El-Salahi: daga allo zuwa Tate

Labarin ya juya ne ta hannun wani ɗan makarantar allo. An haifi Ibrahim El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar Alƙur'ani. Ya fara koyon zane a kwalejin da aka sa wa sunan Gordon a Khartum, sannan ya tafi makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ya ƙware a salon Turawa. Da ya dawo gida ya baje ayyukansa, sai ya lura mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba.

Daga nan ya koma kan abin da ya tashi da shi: harafin Larabci da adon allo. Abin da ƴan Sudan ke kira sharafa, adon da ake yi wa allon ɗalibin da ya kai wani mataki a karatu, ɗan'uwan zayyanar da ake yi wa allon mai sauka ne a Kano ko Damagaram, kuma almajirin Mai Wurno ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. El-Salahi ya riƙa warware haruffa yana fitar da fuskoki da dabbobi da jinjirin wata daga cikinsu. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, wadda ita ma ta yi karatu a Royal College of Art a Landan, su ne ginshiƙan abin da ake kira Makarantar Khartum. Tun farkon shekarun 1960 ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta baje ayyukansa a Najeriya.

A 1975 gwamnatin Ja'afar Numeiri ta tsare shi kusan wata shida a kurkukun Kobar ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Daga baya ya zauna a Katar, sannan ya koma Oxford. A 2013 gidan Tate Modern ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa, karo na farko da ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka. Tate ta kuma mallaki babban zanensa Reborn Sounds of Childhood Dreams I, wanda ya yi a shekarun 1960 a kan dammuriya, saƙin audugar gida na Sudan.

Cikin ayyukansa na baya-bayan nan akwai jerin zanuka kan bishiyar da ake kira haraza a gaɓar Nilu. Ba wata baƙuwa ba ce: gawo ce, wadda ke kaɗe ganye da damina ta yi kore da rani, wadda manoman Maradi da Damagaram ke bari a tsakiyar gona saboda amfanin da take wa ƙasa. Wannan saɓa wa sauran itatuwa shi ya ja hankalinsa.

Halin da ake ciki

Duk manyan ayyukan da aka ambata a nan suna wajen Sudan, yawancinsu a Leeds da Landan da Surrey da Chatham, cikin kulawa. Abin da ya rage a gida shi ne ke cikin haɗari. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a Afrilun 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, har UNESCO ta yi gargaɗi a 2024 kan safarar kayan tarihin ƙasar. Yaƙin ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disamban 2023, ya kuma shiga jihar Sinnar a 2024. Tun kafin nan, a 2022, rikicin filaye da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya raba dubban Hausawa da gidajensu, a yankin da kakannin wasunsu suka sauka fiye da shekara 100 da suka wuce.