Yadda ake mayar da lamba mai hawa da kanta farko a rumbun bayanai na Access

A makarantu, kantunan magani da ƙungiyoyin manoma, akwai masu ajiye sunaye da lissafi a manhajar Access ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito tun 1992. A cikinta akwai wani gurbi da fassarar Faransanci ke kira NuméroAuto. Shi ne ke ba kowane sabon layi lambarsa: 1, 2, 3, har zuwa 2,147,483,647. Jadawali guda ba ya ɗaukar irin wannan gurbi fiye da ɗaya.

Me ya sa lambobin ke tsallake?

Access ba ta sake ba da lambar da ta riga ta fita. Idan aka goge layi na 15, lambar ta tafi ke nan. Ko ma an fara cika layi aka fasa, lambarsa ta ƙone. Shi ya sa wanda ya yi gwaji da sunaye 40 ya share su zai ga ɗalibinsa na farko ya samu lamba 41.

Hanyoyin gyara

Kafin komai, a rufe rumbun a yi kwafinsa a wani wuri dabam.

Idan jadawalin fanko ne, abin da sauƙi. A shiga Outils de base de données, a danna Compacter et réparer. Layin da za a rubuta bayan haka zai fara daga 1.

Hanya ta biyu umarnin SQL ce. Ga jadawali mai suna Dalibai da gurbi mai suna Lamba, sai a rubuta: ALTER TABLE Dalibai ALTER COLUMN Lamba COUNTER(1,1). Adadin farko shi ne mafari, na biyu kuma yawan ƙarin da ake yi kowane karo. Umarnin ba zai yi aiki ba muddin gurbin na da alaƙa da wani jadawali. A LibreOffice Base mai injin HSQLDB kuwa, ƙarshen umarnin shi ne RESTART WITH 1.

Hanya ta uku ita ce goge gurbin gaba ɗaya a sake ƙirƙirarsa, sai duk layukan da ke ciki su samu sababbin lambobi a jere.

Inda haɗarin yake

Sau da yawa wannan lamba ce ke ɗaure jadawali da ɗan'uwansa. Idan jadawalin biyan kuɗi ya ce lamba 41 ta biya jaka 10, sannan aka sake jera lambobin ɗalibai, kuɗin zai koma kan sunan wani yaro, kuma kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Haka nan idan aka mayar da mafari ƙasa da lambobin da ke akwai, ranar da lissafin ya iso kan tsohuwar lamba Access za ta ƙi karɓar sabon layi.

Don haka lokacin da ya fi dacewa da wannan gyara shi ne bayan an gama gwaji, kafin a soma aiki na gaskiya. Mai buƙatar lambobi marasa giɓi, kamar na takardun shaidar biyan kuɗi, gara ya buɗe musu gurbi na musamman, ya yi amfani da MaxDom ya nemo lamba mafi girma ya ƙara 1. NuméroAuto kuma a bar wa na'ura abinta.