Dagi: Daga Hannun Baduku Zuwa Kan Tuta

Gabatarwa

A wannan takarda za mu bi sawun dagi, wato zanen nan mai sarƙe da kansa wanda ake kira tambarin Arewa, mu ga yadda ya taso daga hannun masu sana'a har ya hau tuta. Za mu ɗauki misali daga karkarar arewacin Kano, wajajen Ɗambatta da Bichi da Minjibir. Tutar Nijeriya dai an san mai ita, Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana ta a 1959. Dagi kuwa gadon hannu ne, ɗa ya karɓa daga uba.

Gona, Akuya da Fata

Wannan yanki cike yake da jama'a, har ba a cika hutar da gona ba. Taki ke riƙe ƙasa, shi ya sa kusan kowane gida ke kiwon awaki da tumaki. Da damina a ɗaure su, a tara takinsu. Idan an yanka, fata ta tafi hannun majemi. Shi zai cire gashin da toka, ya jeme ta da bagaruwa. Daga nan baduku ya karɓa, ya rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, ya ɗinka laya da gafaka da kube da tumtum da kayan doki. Yawancinsu manoma ne, sai rani ya yi su zauna kan sana'a. A kan irin waɗannan kaya ake zana dagi, kamar yadda maɗinka ke fitar da shi a babbar riga, magina kuma a bangon soro.

Kayan nan ba su tsaya ƙauye ba. Suna shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), a da kuma fatake kan ƙetare Sahara da su. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin birnin. Amma da yake ta Arewacin Afirka fatar ke isa Turai, sai Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Wannan ne karo na farko da aikin ya yi suna, mai aikin ya ɓace.

Dagi Ya Hau Tuta

A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, masu mulki sun nemi alamar da za ta haɗa kan al'ummu masu harsuna da addinai daban-daban. Dagi ya dace da wannan bukata, domin ba na gidan sarauta ɗaya ba ne, kuma sarƙewar zarensa na nuna zumunci. An rushe Jihar Arewa a 1967, aka ƙirƙiro jihohi, ciki har da Kano, amma tambarin bai faɗi tare da ita ba. A yau ana ganinsa a takardun ƙungiyoyi da jikin motoci, matasa kuma suna ɗora shi kan tuta a intanet don alfahari da asalinsu.

Kammalawa

Abin lura shi ne, al'ummarmu ta ɗaukaka zanen, ta bar mai zanen a baya. An daɗe ana yi wa jima kallon sana'ar ƙasƙanci saboda wari, ga shi kuma takalman roba sun cinye kasuwar badukun ƙauye. In har tsofaffin da suka iya fitar da dagi da basilla suka ƙare ba magada, za mu wayi gari da tutar da ba mu san tushenta ba. Don haka muna kira ga sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu da su tura ɗalibai ƙauyukan nan, su zauna gaban dukawa, su rubuta sunayen zane-zanensu da salsalar gidajensu tun suna raye.