Bagaruwa, Tsatsa da Baba: Yadda Masu Zane Suka Dawo Rumfar Babana

Yau dai ba maganar goro ko shanu zan yi ba, maganar launi ce, kuma abin da ya jawo ta ya faru ne a rumfar mahaifina da ke nan Sabo, Ibadan, inda muke sayar da kanwa da ƙaro da bagaruwa da lalle da irin waɗannan tarkacen da ake kawo mana daga gida.

Kwanakin baya wata yarinya Bayarbiya, ɗaliba mai koyon zane a wata babbar makaranta, ta zo ta sayi mudu biyu na bagaruwa, sannan ta tambaye ni ko za ta samu tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa. Na ce mata, "Anti, jima za ki yi?" Ta yi dariya ta ce a'a, baƙin launi take son haɗawa ta yi zane da shi, wai malaminsu ya ce sabon salo ne da ake yayi a duniya. Baba yana gefe yana jin mu, sai ya ce, "Kai, wannan ai kuloko ne." Wato baƙin da dukawa ke shafa wa fata tun kaka da kakanni. Ni ɗan da aka haifa a Sabo ban taɓa jin kalmar ba sai ran nan, kuma kunyar hakan ce ta sa na bi diddigin maganar.

Abin da ke faruwa a kwanon yarinyar nan ba siddabaru ba ne. A cikin bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, shi ne ma yake jeme fata. Idan ya haɗu da ruwan da ƙarfe ya yi tsatsa a ciki, sai su kama juna su koma baƙi, kuma baƙin yana ƙara duhu idan ya sha iska. Da irin wannan haɗin Turawa suka yi tawadar rubutu na ɗaruruwan shekaru, kuma da shi matan Bamana na ƙasar Mali ke yin yadin da suke kira bogolan: su jiƙa yadi a ruwan ganyen marke, sannan su zana shi da taɓon da ya daɗe a tulu, mai ɗauke da ƙarfe.

Amma sarkin launuka a wannan yanki namu shi ne shuni. Mai karatu zai yi mamaki in na ce masa babu shuɗi ko kaɗan a cikin ganyen baba. Abin da ke ciki ba shi da launi, sai an daka ganyen ya ruɓa sannan shunin yake fitowa, kuma shi shunin ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zare haka kawai ba. A nan ne gwanintar marina take. Suna zuba shi a rijiyar rini tare da ruwan toka, su bar shi kwanaki yana tsimuwa, ana motsawa, har ƙananan ƙwayoyin halitta su cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Sai shunin ya sauya kama, ya narke, ya koma kore-kore. Idan aka tsoma yadi aka ɗago, kore zai fito, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, ya maƙale cikin zare. Marini ba ya da awon kimiyya, da hanci da ido da kumfar saman rijiya yake gane ko ruwa ya yi. Ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata ta Kano da shekarar 1498, kuma da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen yadin garin yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Masu masaukinmu Yarabawa su ma suna da nasu, sai dai a wurinsu mata ne ke rini, a manyan tukwane, da ganyen da suke kira elu, mu kuma talaki. Da shi ake yin adire.

To me ya kashe kasuwar? Ɗakin gwaji ne a Turai. A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya samo launi na farko daga kwaltar gawayin ƙasa. Adolf von Baeyer na Jamus ya gano tsarin sinadarin shuni a 1883, sannan a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Daga nan galura ta shigo kasuwanninmu. A Abeokuta, cikin shekarun 1930, sai da rigima ta tashi tsakanin Alake da mata masu rini a kan haramta soda da shunin Turawa, su matan suna cewa ai shi ne mai sauri da arha. Kuma mu faɗi gaskiya, 'yan kasuwa irin iyayenmu na cikin masu ɗaukar galurar nan suna kai ta lungu-lungu. Ba laifi nake ɗora musu ba, ciniki ne.

Shi kuwa zanen zamani, wanda ake yi a kan ƙyalle a rataye a bango, da fentin Turawa ya fara a ƙasar nan. Aina Onabolu ya tafi Landan karatu a 1920, ya dawo yana zana hotunan manyan Legas da fentin mai. Tawaye ya fara ne a Zariya a 1958, lokacin da ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suna cewa dole a gauraya dabarar Turawa da gadon gida. Shi Uche Okeke yana burge ni don ɗan uwanmu ne a zaman baƙunci, sai dai nasa a juye yake: Inyamuri ne da ya taso a Kafanchan. Ya koma wajen mahaifiyarsa ya koyi uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da ruwan 'ya'yan itace, a bango kuma da farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi. Bayan yaƙin basasa ya kai wannan salo Jami'ar Nsukka. Amma a ganina, mutanen Zariya siffar zanen suka fi ɗauka, kayan haɗin suka bari. Yawancin aikin da alƙalami da tawada da fentin kanti aka yi shi.

Waɗanda suka tsoma hannu a tukunya da gaske su ne na Osogbo, inda aka buɗe Mbari Mbayo a 1962. Daga wannan gari Nike Davies-Okundaye ta yi suna, ita da ta koyi adire tun tana yarinya a Ogidi, ta buɗe cibiyarta ta koyarwa a 1983, ta mayar da rinannen yadi abin ratayawa a ɗakin baje koli. A Bamako kuma, a 1978, wasu matasa da suka gama makarantar fasaha suka kafa ƙungiyar Bogolan Kasobane, suka ajiye fentin Faransa suka koma ga taɓo da ganye. A nan Nijeriya faɗuwar naira bayan tsarin SAP na 1986 ta ƙara tura mutane, domin fentin waje ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. A 2017 ɗan Mali Aboubakar Fofana ya kai rinin baba na gargajiya har babban baje kolin documenta, inda ya rina tumaki a birnin Atina.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ya fito daga daji mai ɗorewa ne. Rawaya da ake samu daga saiwa tana koɗewa idan rana ta daɗe tana dukanta, kuma baƙin tanin da ƙarfe, in ƙarfen ya yi yawa, yana cin takarda a hankali, kamar yadda ya huda tsofaffin takardun Turai. Garin ƙasa kuma zai zube daga ƙyalle in ba a kwaɓa shi da abin da zai riƙe shi ba, wanda shi ne aikin ƙaro, kamar dai a tawadar almajirai. Mai zanen da ya sayar wa mutum hoto da tsada, bayan shekara biyar ya dawo fari fat, ya ci amana ko da ganye ya yi shi.

Yarinyar ta dawo bayan mako biyu tana ƙorafin baƙinta ya fito toka-toka. Baba ya ce ta bar ƙusoshin su ƙara kwana a ruwa mai ɗan tsami, kuma ta dafa bagaruwar maimakon jiƙawa. Ta fito da littafi tana rubutawa, ni ma na ari biro. Da ta tambayi abin da ake yin ja da shi, ya ce karan dafi ne, amma rabonsa da ganin mai kawo shi Sabo ya fi shekara goma. Ya ce zai yi wa wani abokinsa magana a Kano, a haɗo mana da kayan wata mai zuwa.