Daga Ƙoshi Zuwa Baƙin Ciki: Tarihin Kalmar "Sadden"

Duk sa'ad da wani babban mutum ya rasu, ko jirgi ya faɗi, sanarwar ta'aziyyar da fadojin gwamnati ke fitarwa da Turanci da wuya ta rasa kalmar "saddened". Masu fassara kan ce labarin ya jefa shugaba cikin baƙin ciki. Fassarar daidai take, sai dai asalin kalmar ba shi da alaƙa da hawaye.

A tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, "sæd" na nufin wanda ya ƙoshi har abin ya ginshe shi. Tushenta ɗaya da "satt" ta Jamusanci da "satis" ta Latin, wadda ta haifi "satisfy". Wanda ya ƙoshi jikinsa kan yi nauyi, kuma nauyin ne ya ja ragamar ma'anar. A ƙarni na 14 mutum "sad" shi ne mai nutsuwa, wanda ba ya girgiza. Da wannan ma'ana Chaucer ya siffanta Griselda, matar da ta jure gwajin mijinta. Mai karatun yau da ya ɗauka kuka take yi ya juya yabo ya koma tausayi. Ko a wasan Romeo da Juliet, wanda aka buga a 1597, Shakespeare ya yi wasa da ma'anonin biyu: Benvolio na neman magana ta tsakani da Allah, Romeo kuwa ya karkatar da ita ga ciwon zuciyarsa.

Aikatau "sadden" ya bayyana wajen 1600 da ma'anar danne abu har ya yi tauri, kafin ma'anar ɓata rai ta rinjaya. Tsohuwar ma'anar ta fake a wurin masu sana'a. Burodin da bai tashi ba "sad" ne a wasu karuruwan Ingila, dutsen guga na zunzurutun ƙarfe "sadiron" ne. Marina kuma, idan suka zuba sinadarin ƙarfe domin launi ya dushe ya yi duhu, cewa suke yi sun yi "sadden" ɗinsa. A nan kalmar ta yi kusa da Hausa, wadda ita ma da launi ta auna damuwa.

Ragowar nutsuwar nan ce, mai yiwuwa, ta sa hukumomi ke son kalmar. Ba ta kai "grieve" zafi ba, ba ta ɗauke da inuwar cuta irin ta "depress". Tana kuma zuwa a siga mai ɓoye wanda ya aikata, abin da ke yi wa kamfanin da sakacinsa ya jawo asarar rai daɗin amfani.